Shin danna wurin cire suna a ƙasan saƙonnin talla na imel yana da haɗari, ko kuwa yana da amfani?

Malamin Lissafi ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar masana a kan wani al'amari da ya daɗe yana damuna, wanda kuma na lura abokan aikina da dama a makarantar sakandaren da nake koyarwa a Katsina suna fama da irinsa.

Na buɗe adireshina na Gmail shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ina ɗalibi, kuma tun daga lokacin babu inda ban rubuta shi ba: shafukan neman aiki, shafukan tallafin karatu a ƙasashen waje, shagunan sayayya na intanet, har da takardar nan da ake zagayawa da ita a wurin taron bita a ce kowa ya rubuta sunansa da lambar wayarsa da imel ɗinsa. Yanzu kowace safiya nakan tarar da saƙonni talatin zuwa hamsin, waɗanda da ƙyar biyu daga cikinsu suka shafe ni. A watan jiya tura ta kai bango, domin wata jami'a da na nemi gurbin digiri na biyu ta aiko mini da gayyatar tantancewa, saƙon ya nutse tsakanin tallan takalma da na bashin gaggawa, ban gan shi ba sai bayan kwana huɗu da wucewar ranar.

Saboda haka wata Asabar na zauna tun bayan Azahar har La'asar ina buɗe saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, ina gangarawa can ƙasa inda ake rubuta Unsubscribe, wato cire suna, da ƙananan haruffa masu dishi-dishi, ina dannawa. Na yi wa wajen arba'in haka. Wasu sun daina zuwa tun daga ranar, wasu kuma sun ci gaba kamar ban yi komai ba, sannan abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne bayan mako biyu sai na fara ganin sababbin saƙonni daga waɗanda ban taɓa jin sunansu ba, ana yi mini albishir da cin gasar da ban shiga ba. Da na gaya wa ƙanena sai ya ce na yi babban kuskure, wai danna wurin nan sanar da su ne cewa akwai mai rai a bayan adireshin. To, ina gaskiyar take? Shin cire suna yana aiki, ko tarko ne? Kuma idan na riga na yi ɓarna, ta yaya zan gyara?

Injiniya Zazzau ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya musanya maka da gurbin da ya fi alheri. Ƙanenka ya faɗi gaskiya, amma rabinta ya faɗa, domin abin da muke kira saƙon banza iri biyu ne da suka yi kama a ido suka sha bamban a asali, kuma maganin ɗaya guba ne ga ɗayan.

Iri na farko shi ne na waɗanda kai da kanka ka ba su adireshinka, ko da ka manta: shagon da ka sayi waya a shafinsa, shafin neman aikin da ka yi rajista, jaridar da ka ce ta riƙa aiko maka da labarai. Waɗannan kamfanoni ne masu suna da ofis da abin da za su yi asara, kuma doka tana kansu. A Amurka akwai dokar CAN-SPAM ta shekarar 2003, wadda ta wajabta wa duk mai aika saƙon kasuwanci ya sanya hanyar cire suna, kuma ya aiwatar da buƙatar cikin kwanakin aiki 10. A ƙasashen Tarayyar Turai dokar kare bayanai ta GDPR, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2018, ta fi wannan tsauri. Amma a ganina abin da ya fi doka tasiri shi ne sharaɗin da Google, mai Gmail, ya gindaya a shekarar 2024, cewa duk mai aika saƙo kusan 5,000 ko fiye a rana zuwa akwatunan Gmail dole ne ya samar da hanyar cire suna da dannawa ɗaya tak, ya aiwatar cikin kwana 2, sannan kada waɗanda suke kai ƙarar saƙonninsa su kai 3 cikin kowane 1,000. Wanda ya saɓa, saƙonninsa za su fara faɗawa kwandon shara, wato akwatin Spam, ko a mayar masa da su tun daga ƙofa. Wannan ne ya sa kamfanin kirki yake gaggawar cire ka idan ka nema, domin ya fi masa sauƙi ka tafi salin alin da ka kai ƙararsa.

Iri na biyu shi ne na waɗanda ba ka taɓa hulɗa da su ba, waɗanda suka sayi adireshinka cikin jerin dubban adireshi, ko suka tsinto shi daga bayanan da masu kutse suka sace. Mutumin da sana'arsa damfara ce ba ya tsoron dokar da ta ce ya cire sunanka, kuma kalmar Unsubscribe da ya rubuta a ƙasan saƙonsa ado ce kawai da ya ara domin ya yi kama da masu gaskiya. Mahaɗin da ke ƙarƙashin kalmar, wato link ɗin da ke kai ka wani shafi idan ka danna, yakan ɗauki wata lamba ta musamman da aka ware wa adireshinka kai kaɗai, ta yadda da zarar ka danna, kwamfutarsa za ta rubuta cewa wannan adireshin ana buɗe shi, ana karantawa, kuma mai shi yana danna abin da aka aiko masa. Adireshi irin wannan ya fi tsada a kasuwarsu. Ina kyautata zaton cikin arba'in ɗin da ka danna akwai 'yan kaɗan daga wannan rukuni, kuma su ne silar albishir ɗin cin gasar.

Shawarata ita ce ka daina amfani da mahaɗin da ke cikin jikin saƙo matuƙar akwai wata hanya. Idan ka buɗe saƙon talla a Gmail, duba can sama kusa da sunan wanda ya aiko, sau da yawa za ka ga wani maɓallin cire suna dabam wanda Gmail ne da kansa ya sanya shi. Yana aiki ne da wani layi da ke ɓoye a kan saƙon, wanda aka tsara ƙa'idarsa tun 1998, aka ƙara masa tsarin dannawa ɗaya a 2017, kuma a mafi yawan lokuta Gmail ne yake isar da buƙatarka a madadinka ba tare da ka shiga shafin kowa ba. Haka kuma ba kowane mai aikawa ne Gmail yake nuna wa wannan maɓalli ba, sai wanda ya tsallake tantancewarsa, don haka ganinsa ma wata alama ce mai kwantar da hankali, ko da yake ba shaidar tsarki ba ce. Outlook da manhajar imel ta iPhone su ma suna da makamancinsa.

Idan kuwa ba ka san mai saƙon ba, ko saƙon ya riga ya faɗa kwandon shara, to kada ka taɓa komai a cikinsa, kada kuma ka mayar da amsa ko da ta zagi ce. Danna maɓallin kai ƙara, wanda aka rubuta Report spam, shi ke nan. Wannan yana koya wa rariyar Gmail ta gane irinsa gobe, a akwatinka da na sauran jama'a, kuma abin da ke kwandon sharar yana gogewa da kansa bayan kwana 30.

Maman Khalifa ta rubuta:

Assalamu alaikum. Injiniya, Allah ya ƙara basira, bayaninka ya gamsar. Ina so in yi magana ne daga ɗaya ɓangaren, wato na masu aikawa, saboda ina sayar da atamfa da leshi da mayafai a Kano, kuma ina da jerin abokan ciniki kusan ɗari takwas da nake aika wa hotunan sababbin kaya sau biyu a wata, yawancinsu mata ne da ke zaune a Abuja da Legas da ƙasashen waje.

Roƙona ga 'yan'uwa shi ne, idan kun san ku kuka ba da adireshinku, don Allah ku cire sunanku ta hanyar da aka tanada, kada ku kai ƙara. Da yawa suna ɗaukar maɓallin kai ƙara a matsayin hanyar share saƙo mafi sauri, ba su san cewa yana ɓata sunan mai aikawa a wurin Gmail ba. Wanda yake aika wa mutum miliyan ba zai ji komai ba idan mutum uku suka kai ƙararsa, amma ni da nake da ɗari takwas, mutum uku sun isa su sa saƙona na gaba ya faɗa kwandon sharar waɗanda suke jiran ganinsa. Ya taɓa faruwa da ni gab da ƙaramar Sallah, lokacin da na sauke kaya masu yawa na aika sanarwa, na yi kwana biyar shiru babu mai tambayar ko da farashi, sai da wata hajiya da muka shekara shida muna ciniki ta kira ni tana ƙorafin na manta da ita, muka bincika tare a waya muka tarar saƙon yana kwance a shararta.

Ni kuwa idan mutum ya cire sunansa, ba ma sai na yi komai ba. Manhajar da nake amfani da ita, Mailchimp, ita ce take cire shi nan take, kuma ba za ta bar ni in mayar da shi da hannuna ba sai idan shi ne ya sake yin rajista. Wani abu kuma da ya kamata a sani shi ne, idan ka duba adireshin mahaɗin cire suna a saƙona ba za ka ga sunan shagona ba, za ka ga list-manage.com, wanda mallakar Mailchimp ne. Na faɗi haka ne domin kada a ce duk mahaɗin da bai ɗauki sunan shago ba na ɓarayi ne.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Hajiya, maganarki gaskiya ce kuma ina tausaya wa masu ƙananan sana'a irinki, amma ni abin da ya same ni ya sa ba na sake danna komai a cikin jikin saƙo, ko da daga wanda na sani ne.

Shekara biyu da suka wuce na sami saƙo mai ɗauke da tambari da launin wani shagon intanet da na saba sayayya a cikinsa. Tallan rangwame ne kamar yadda suka saba, kuma na gaji da su, sai na gangara na danna cire suna. Shafin da ya buɗe ya ce kafin a cire ni sai na tabbatar ni ne mai adireshin, ya kawo mini akwatin shiga mai kama da na Google sak, har da launukan nan huɗu. Ina cikin Adaidaita Sahu a kan hanyar Kantin Kwari, rana tana haska fuskar wayar, ban tsaya duba adireshin da ke sama ba, na rubuta kalmar sirrina. Kafin Magariba an canza ta, kuma washegari yayata da ke Kaduna ta kira ni hankalinta a tashe tana tambayar wane asibiti aka kwantar da ni, domin an aika wa duk mutanen da ke jerina saƙo da sunana ana neman taimakon kuɗin tiyata. Mutum biyu sun tura kafin labari ya bazu. Na dawo da akwatin bayan kwana tara, albarkacin lambar wayar da na taɓa sanyawa ta ko-ta-kwana, amma kunyar da na ji a gaban waɗanda suka tura kuɗinsu saboda ƙaunata har yau ba ta sake ni ba.

Don haka abin da nake so Malam ya riƙe shi ne, cire suna na gaskiya ba ya buƙatar kalmar sirrin imel ɗinka, ba ya buƙatar lambar BVN ko NIN ko lambar katin banki, kuma ba ya cewa ka sauke wata manhaja. Iyakarsa ya nuna maka adireshinka ya ce ka tabbatar, ko ya tambaye ka dalilin tafiyarka, wanda ba dole ne ka amsa ba. Duk shafin da ya nemi fiye da haka, rufe shi. Ka kuma tuna ko a cikin arba'in ɗin nan akwai inda ka rubuta kalmar sirri. Idan akwai, ko kana kokwanto, canza ta yau, ka kunna tabbatarwa ta mataki biyu, wato yadda ban da kalmar sirri sai an sake tabbatar da kai ta wayarka kafin a shiga akwatin.

Lauyan Gobe ya rubuta:

Ɗan'uwa Ɗan Fagge, Allah ya kiyaye gaba. Labarinka ne ma ya ba ni ƙarfin gwiwar saɓa wa Injiniya a wuri ɗaya, cikin girmamawa. Ni a fahimtata tsoron nan na cewa za su gane adireshinka yana aiki ya rage nauyi ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun baya. Mai aika saƙon banza yana iya gane adireshi yana raye tun daga rashin dawowar saƙonsa, sannan da yawa suna cusa wani ɗan mitsitsin hoto da ido ba ya gani, wanda yake sanar da su an buɗe saƙon ko da ba a danna komai ba. Ban da haka, adireshin da ya shekara goma sha ɗaya yana yawo da wuya a ce bai taɓa fita cikin bayanan sata ba. Kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013 kaɗai ya shafi asusu biliyan 3, kamar yadda kamfanin ya amsa da bakinsa a 2017. Akwai shafin Have I Been Pwned, wanda wani masanin tsaro ɗan Ostireliya, Troy Hunt, ya kafa a 2013, inda mutum zai rubuta adireshinsa ya ga a waɗanne kutse aka ambace shi, kuma ina ba Malam shawara ya gwada, domin mai yiwuwa sababbin saƙonnin da yake gani daga can suka samo asali, ba daga abin da ya danna ranar Asabar ba. Babban haɗarin a yau shi ne shafin da mahaɗin zai kai ka, kamar yadda ya faru da Ɗan Fagge. Sakamakon dai ɗaya ne, kada a danna na baƙo, amma ba na so Malam ya zauna yana zargin kansa a kan abin da ba lallai shi ya jawo ba.

Ta fuskar doka kuma, mu ma a Najeriya ba a bar mu haka ba. Dokar Kare Bayanai ta ƙasa da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta ba kowa ikon ƙin amincewa a yi amfani da bayanansa wajen aiko masa da talla kai tsaye, kuma idan ya ƙi dole a daina. Hukumar Kare Bayanai ta ƙasa, NDPC, ita ce take karɓar ƙorafi. Wannan ya shafi kamfanonin bashin gaggawa da Malam ya ambata, matuƙar a ƙasar nan suke aiki. Ga masu fama da tallan tes a waya kuma, hukumar sadarwa ta NCC ta tanadi lambar 2442 tun 2016, inda ake aika kalmar STOP.

Malamin Lissafi ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi tunani sosai kuma ban tuna na rubuta kalmar sirri a ko'ina ba, amma duk da haka na canza ta jiya da dare, na kuma kunna mataki na biyun. Na gwada shafin da Lauyan Gobe ya ambata, adireshina ya fito a wuri huɗu. Saura tambaya ɗaya: akwai wasu shafukan neman aiki guda uku da na tabbata ni na yi rajista da su, na cire sunana yau mako biyar, amma har yanzu suna aikowa. Hajiya ta ce kada a kai ƙarar wanda aka sani. To waɗannan fa?

Injiniya Zazzau ya rubuta:

Malam, waɗannan ka kai ƙararsu da zuciya ɗaya, kuma na tabbata Hajiya ba za ta ƙi ba, domin roƙonta a kan wanda ba a ba shi dama ba ne, su kuwa ka ba su mako biyar alhali dokar Amurka ma, mai sassauci, kwanakin aiki 10 ta yanke. Sai dai kafin nan ka duba abu ɗaya: wasu shafukan suna raba saƙonninsu gida-gida, na sababbin guraben aiki dabam, na labarai dabam, na abokan hulɗarsu dabam, kuma mahaɗin da ka danna ɗaya kawai yake cirewa. Rubuta adireshin shafin da hannunka a burauza, shiga asusunka, ka kashe su duka daga wurin saituna, ko ka rufe asusun gaba ɗaya idan ba ka da sauran buƙatarsa. Idan aka sake aikowa bayan haka, ka kai ƙara ka kuma toshe mai aikawar.

Na karɓi gyaran Lauyan Gobe a kan inda haɗari ya fi yawa, ko da yake har yanzu ina ganin wanda aka san yana dannawa ya fi wanda aka san yana buɗewa kawai daraja a wurin 'yan damfara.

Game da jami'ar kuwa, domin kada a maimaita, ka buɗe sabon adireshi wanda ba za ka ba kowa ba sai makarantu da banki da wurin aiki, ka bar tsohon ga shaguna da takardun taron bita. Idan ba ka son riƙe biyu, Gmail yana ba ka damar ƙara alamar tarawa da wata kalma bayan sunanka kafin alamar @, misali +jamia, saƙon zai iso akwatinka kamar kullum, sai ka saita cewa duk abin da ya zo ta wannan adireshi a sanya masa tauraro kuma kada a taɓa jefa shi shara. Wasu shafukan ba sa karɓar alamar tarawar a wurin rajista, a irin wannan sai ka koma ga adireshi na biyun. Abu na ƙarshe da nake so kowa a nan ya sani shi ne, idan wata rana ka wayi gari ka tarar da ɗaruruwan saƙonnin rajista daga shafukan da ba ka sani ba sun shigo cikin dare ɗaya, kada ka ɓata lokaci wajen cire suna. Masu kutse kan yi haka da gangan domin su binne saƙo guda mai muhimmanci, kamar sanarwar cire kuɗi ko ta canza kalmar sirri, saboda haka fara da binciko sunan bankinka a cikin akwatin, sannan ka kira su ta lambar da ke bayan katinka.